Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tarihin Finafinan Wasanni da Abin da Suke Faɗa wa Mutanen Zango

A duk majalisar da samarinmu suke zama bayan an tashi daga kallon ƙwallo, ko a Nima ne, ko Sabon Zango na Akra, ko Aboabo ta Kumasi, da wuya a watse ba a taɓa gardamar finafinai ba. Wannan ya ce babu kamar Creed, wancan ya ce Dangal ya fi, wani kuma ya kawo King Richard, labarin uban Venus da Serena Williams. Mu ma mun zauna mun sake kallon finafinan wasanni da suka fito cikin shekaru 20 ɗin nan, sai muka lura cewa waɗanda suka fi zama a zuciyarmu magana ɗaya suke juyawa, wato labarin ɗan wasan da ake yi wa kallon baƙo a ƙasar da yake ɗaga wa tuta. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Finafinan nan suna tambaya ne: yaushe raɓa take zama kaba, kuma wa yake yanke wannan hukunci? Mu da aka binne cibiyar kakanninmu a ƙasar nan amma har yau akan tambaye mu daga ina muka zo, ba mu da buƙatar a fassara mana tambayar.

Da yake waiwaye adon tafiya ne, bari mu faro daga tushe.

Fim da wasa tare suka yi ƙuruciya. A ranar 17 ga Maris 1897 aka ɗauki damben James Corbett da Bob Fitzsimmons a garin Carson City na Amurka, fim ɗin ya haura sa'a ɗaya da rabi, kuma babu wani fim da ya kai shi tsawo kafin wannan lokaci. Mutane suka yi ta biyan kuɗi suna kallo, masu sana'ar kuma suka gane cewa dambe haja ce mai fita. Ba a daɗe ba sai hajar ta zame musu ƙaya. A ƙarshen 1908 Jack Johnson, ɗan bayin da aka 'yanta, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi. Aka lallaso tsohon zakara Jim Jeffries daga hutu domin ya ƙwato wa farar fata mutuncinsu, suka gamu a garin Reno ranar 4 ga Yuli 1910, Johnson ya gama da shi a turmi na 15. A daren aka yi tarzoma a garuruwa da dama, aka kashe mutane, yawancinsu baƙaƙe. Birane da jihohi masu yawa suka hana nuna fim ɗin, sannan a 1912 majalisar dokokin ƙasar ta haramta tsallakawa da finafinan dambe daga jiha zuwa jiha, dokar da ba a ɗage ba sai 1940. Tun wannan lokaci mahukunta suka fahimci cewa abin da aka gani a fili yakan wuce da ranarsa, amma wanda kyamara ta kama yana nan yana ba da shaida. Shi kuwa Johnson, an same shi da laifi a 1913 a wata shari'a da kowa ya san launin fatarsa ne ya jawo ta, kuma afuwar shugaban ƙasa ba ta zo ba sai 2018, shekara 72 bayan rasuwarsa.

A gasar Olamfik ta Berlin ta 1936 sai al'amarin ya ɗauki wani salo. Gwamnatin Hitila ta sa Leni Riefenstahl ta shirya fim ɗin Olympia, wanda ya fito a 1938, domin duniya ta ga ɗaukakar Jamus. Amma kyamarorinta ba su da yadda za su yi da Jesse Owens, baƙar fata jikan bayi, wanda ya ci lambobin zinare 4. Amurka ta yi alfahari da shi a bakin duniya. Da ya koma gida, shugaban ƙasa Roosevelt bai gayyace shi fadarsa ba, a wajen liyafar da aka shirya dominsa a wani babban otal na New York ta lif ɗin kaya aka hau da shi, daga baya har tsere ya riƙa yi da dawakai domin ya ci abinci. Fim ɗin Race na 2016 ya ba da labarinsa, kuma wurin da ya fi taɓa mai kallo shi ne wancan lif ɗin kaya.

Muhammad Ali kuwa dattawanmu sun gan shi da idonsu, domin a Mayu 1964, wata uku bayan ya kayar da Sonny Liston, ya zo ƙasar nan, ya gana da Kwame Nkrumah, ya kai har Kumasi. A 1967 ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe fiye da shekara 3, sai a 1971 kotun ƙoli ta wanke shi. Ranar 30 ga Oktoba 1974 a Kinshasa ya kayar da George Foreman a turmi na 8. Wani mai ɗaukar fim, Leon Gast, ya tara hotunan wannan zama gaba ɗaya, amma rashin kuɗi da rikicin mallaka suka sa ya yi shekara 22 yana riƙe da su kafin When We Were Kings ya fito a 1996, ya kuma ci kyautar Oscar. A shekarar ce aka miƙa wa Ali wutar Olamfik a Atlanta, hannunsa yana rawa saboda ciwo, ƙasar da ta kira shi maci amana tana zubar masa da hawaye.

Wannan shi ne gadon da finafinan zamaninmu suka tarar. Tsohon salo, irin na Rocky na 1976, yakan tsaya ne a daidai lokacin da aka buga ƙararrawar ƙarshe, jarumi ya tabbatar wa kansa da duniya cewa shi ma wani ne, a kunna kiɗa a tashi. Mafi kyawun na yanzu sukan bi ɗan wasa har gida, su nuna takardun da ke aljihunsa, da irin kallon da maƙwabta suke yi masa ranar da bai ci ba.

Bari mu fara da Indiya, tunda iyayenmu sun san hanyar silimar Dunia ta Nima tun kafin a san bidiyo. Chak De! India na 2007, wanda Shimit Amin ya ba da umarni, ƙagaggen labari ne, amma ciwon da ke cikinsa na gaske ne. Shah Rukh Khan ya fito a matsayin Kabir Khan, Musulmi kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon gora ta Indiya, wanda ya ɓarar da bugun ƙarshe a karawa da Fakistan, aka kuma ɗauke shi hoto yana gaisawa da abokin hamayya. Kafin gari ya waye an rubuta masa "maci amana" a bangon gida, ya ɗauki mahaifiyarsa suka bar unguwar. Bayan shekara 7 ya dawo yana horar da 'yan mata. A cikinsu akwai biyu daga arewa maso gabashin ƙasar, waɗanda mai rajista ya yi wa maraba a matsayin baƙi, ɗayarsu ta tambaye shi yadda mutum zai ji daɗin zama baƙo a ƙasarsa. Duk ɗan Zangon da ya taɓa tsayawa gaban teburin wani jami'i ana juya sunansa ana tambayarsa garin kakansa ya san nauyin wannan tambaya.

Bhaag Milkha Bhaag na 2013 kuma tarihi ne na gaske. An kashe iyayen Milkha Singh a rikicin raba Indiya da Fakistan na 1947, ya tsere yana yaro ya isa Delhi a matsayin ɗan gudun hijira. A soja ya koyi gudu, ya ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila ta 1958 a Cardiff, ya zo na 4 a tseren mita 400 a Roma a 1960, lamba ta kuɓuce masa da ƙiftawar ido. Darakta Rakeysh Omprakash Mehra bai ɗora ƙarshen fim ɗin a kan Roma ba. Ya ɗora shi a kan komawar Milkha Fakistan domin tsere da Abdul Khaliq a Lahore, a ƙasar da aka haife shi, aka kuma zubar da jinin gidansu. Mutum ne da layin da Turawa suka ja a taswira ya mayar baƙo a mahaifarsa, irin layin da ya raba Hausawa tsakanin Ingilishi da Faransanci.

A ganinmu, wanda ya fi duka zurfi shi ne Diego Maradona na 2019. Asif Kapadia, wanda shi kansa ɗan baƙin Indiya ne da aka haifa a Landan, ya tace shi daga hotuna na fiye da sa'a 500 da aka ɗauka tun lokacin. A 1984 Maradona, yaron unguwar matalauta ta Villa Fiorito a Ajantina, ya sauka Napoli, birnin kudancin Italiya da mutanen arewa suke yi wa gori da talauci da ƙazanta da kwalara. Ya ci musu kofin ƙasa na farko a tarihinsu a 1987, ya ƙara a 1990, da kofin Turai na UEFA a 1989 a tsakani. Suka mayar da shi abin bauta. Sai ga gasar cin kofin duniya ta 1990, ƙaddara ta haɗa Ajantina da Italiya a wasan kusa da na ƙarshe, a filin Napoli, ranar 3 ga Yuli. Kafin wasan ya tuna wa mutanen birnin cewa duk shekara ba a ɗauke su 'yan Italiya ba sai yau da ake neman muryarsu. Ajantina ta ci a bugun fenareti. A wasan ƙarshe a Roma aka yi wa taken ƙasarsa ihu, kuma inuwar da ta daɗe tana rufe laifuffukansa ta janye. A Maris 1991 gwajin ƙwaya ya kama shi, aka dakatar da shi wata 15, ya bar garin cikin dare. Fim ɗin bai wanke shi ba, ya nuna hodar iblis da abotarsa da 'yan daba da ɗan da ya yi shekaru yana ƙaryatawa. Sai dai ya nuna cewa duk wannan an san shi tun yana ci musu kofi, ba a tuna da doka ba sai ranar da ya daina yi musu amfani. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A 2022 finafinai uku suka fito da suka dafa maganar takarda kai tsaye. Na farko Rise, wanda Akin Omotoso ya shirya, labarin iyalin Adetokunbo da suka bar Legas zuwa Girka a 1991. An haifi Giannis a Atina a Disamba 1994, amma dokar ƙasar ba ta ba ɗan baƙo 'yancin zama ɗan ƙasa don an haife shi a can. Ya taso yana tallar agogo da tabarau a titi, yana karɓa-karɓar takalmin wasa da yayansa Thanasis, ba shi da fasfo na Girka, ba shi da na Najeriya. Sai a Mayu 2013, makonni kaɗan kafin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Milwaukee Bucks ta zaɓe shi, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, aka kuma juya sunan gidansu ya koma Antetokounmpo. A 2021 ya ci wa ƙungiyarsa kofi, a 2024 ya riƙe tutar Girka a Olamfik ta Faris. Fim ɗin yana da daɗin kallo da iyali, amma kamfanin Disney ya yi masa sukari da yawa, kuma bai tsaya a kan sauran yaran unguwar Sepolia da Allah bai ba su tsawon Giannis ba.

The Swimmers na Sally El Hosaini ya fi shi ƙarfin hali. Yusra Mardini da yayarta Sara, 'yan ninƙaya daga Dimashƙu, sun gudu daga yaƙin Siriya a 2015. Tsakanin Turkiyya da tsibirin Lesbos injin kwalekwalensu ya mutu da mutum kusan 20 a ciki, suka faɗa ruwa suka yi fiye da sa'a 3 suna riƙe da shi har aka kai gaci. Shekara ɗaya bayan nan Yusra ta yi gasa a Olamfik ta Rio cikin tawagar 'yan gudun hijira ta farko, mai mutum 10. Sara kuwa ta koma Lesbos tana taimakon masu isowa, a 2018 aka kama ta bisa zargin safarar mutane, ta yi fiye da kwana 100 a tsare. Uwa ɗaya uba ɗaya, ruwa ɗaya suka tsallaka, amma wadda ta shiga gasa aka yi mata tafi, wadda ta koma ceto aka sa mata ankwa.

Na uku, The Real Mo Farah, shi ya girgiza Ingila. Gwarzon da ya ci zinare 4 a Olamfik ta 2012 da 2016, wanda Sarauniya ta ba sarautar girmamawa a 2017, ya fito ya ce sunansa na yanka Hussein Abdi Kahin, an kashe mahaifinsa yana ɗan shekara 4, wata mata ta ɗauko shi daga Jibuti yana wajen shekara 9 da sunan wani yaro, ta mayar da shi bawan gida. Malaminsa na motsa jiki ne ya cece shi. Hukuma ta ce ba za ta ɗauki mataki a kansa ba, kuma hakan daidai ne. Amma duk wanda ya kalla sai ya tambayi kansa, da a ce mai wankin mota ne ya yi wannan iƙirari, me zai same shi? Mesut Özil ya riga ya taƙaita zancen a 2018 lokacin da ya bar ƙungiyar Jamus, inda ya ce idan an ci shi Bajamushe ne, idan an sha kaye kuma baƙo ne.

Yanzu sai mu dawo gida, domin labarin nan ya faru a ƙofarmu.

Osman Seidu, wanda duniya ta sani da Baba Yara, an haife shi a Kumasi a 1936. Ya buga wa Asante Kotoko, sannan Real Republikans, ƙungiyar da aka kafa a zamanin Nkrumah, ana yi masa kirari da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. A Maris 1963, suna dawowa daga wasa, motarsu ta yi hatsari a Kpeve, ya samu rauni a ƙashin baya. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya dawo a keken guragu. A ƙarshen shekarar Gana ta ci kofin Afirka na farko a gida, ba ya cikin fili. Ya rasu a Mayu 1969 yana da shekara 32. Wata 6 bayan nan, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasar. Fiye da mutum 100,000 suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan kuma ba su san wata ƙasa ba. Zanguna suka yi shiru, aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka raba dangi.

Ba a cika shekara 9 ba, a Maris 1978, sai ga yaran Zango a tsakiyar murnar ƙasa. Abdul Razak na Kumasi ya jefa ƙwallon da ta fitar da Tunisiya a wasan kusa da na ƙarshe, Mohammed Polo na Nima yana cikin tawagar, Gana ta doke Yuganda 2 da nema ta ɗauki kofin Afirka karo na 3, kuma a shekarar aka zaɓi Razak gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A Katar, ranar 28 ga Nuwamba 2022, Mohammed Kudus, shi ma ɗan Nima, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo 2, ƙasa gaba ɗaya ta kwana tana kiran sunansa. A wannan dare babu wanda ya nemi takardar haihuwar kakansa. Muna murna da wannan, kuma muna ƙaunar tutar nan kamar kowa. Sai dai darasin da Johnson da Owens da Maradona suka bar mana shi ne, zama ɗan gari da ƙwallo ta ba mutum, ƙwallo tana iya karɓewa. Haƙƙin tela na Mamobi da mai waken Asawase bai rataya a ƙafar Kudus ba, tarihin zamansu a ƙasar nan tun fataucin goro na Salaga shi ne hujjarsu.

To, wa yake riƙe da wannan tarihi? Da yawa daga cikin finafinan da muka ambata ajiya ce ta haife su: faifan da Leon Gast ya riƙe shekara 22, sa'o'i 500 da Kapadia ya tono, bakin Milkha Singh da aka saurara tun yana raye. Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. Da ba don Ɗan Anace ya waƙe Shago ba, da mutane ƙalilan ne za su san an yi ɗan dambe irinsa. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya zauna Salaga ya kuma rasu a 1934, da alƙalaminsa ya bar mana labarin zamaninsa cikin Hausa da Larabci. Amma yau yaranmu sun san takalmin Giannis dalla-dalla, alhali da yawansu sun ɗauka Baba Yara sunan filin wasa ne kawai.

Waɗanda suka ga Baba Yara yana murza leda yanzu sun doshi 80, waɗanda suka yi ihun 1978 kuma furfura ta gama kama su, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makwanci. Babu gidan da ba shi da waya mai kyamara. Ɗalibanmu da masu shirya finafinanmu na Kumasi da Akra su je su durƙusa gaban waɗannan dattawa, su tambaye su ƙungiyoyin unguwa da suka buga wa, da filayen da yanzu aka gine, da inda suke a watan Nuwamba na 1969, da wanda ya tafi bai dawo ba. A ɗauki tsofaffin hotunan da ke cikin adaka, a rubuta sunan kowa da shekara a bayansu, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Wanda ya riga ya mallaki irin wannan hoto ko murya, ya sanar da mu a ƙasan wannan rubutu, mu san inda za a fara.

Allah ya jiƙan Baba Yara da sauran magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana.